Wa Zai Buga wa Kaka Zunuo?

Litinin, 2 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Na iso gida. Wuni da kwana a mota daga Accra zuwa Nandom, sannan babur ya ƙarasa da ni, jakar rikoda a ƙirjina kamar goyo. Dawa ta yi tsayi har ta rufe hanyar gidanmu.

Na tarar da Kaka Zunuo a gindin ɗorawa yana ɓare gyaɗa. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, “Ga matata ta dawo daga yawon duniya. Shekara uku, ko saƙon gaisuwa.”

Na ce, “Angona, ji na yi an ce ka tsufa, na zo in duba ko in nemi wani.”

Ya yi dariya har tari ya karɓe ta. Tarin ya fi dariyar daɗewa.

Malamata a jami'a ta ba ni mako shida in tattaro kiɗan gyil, abin kiɗan nan namu na jerin katako, irin na gidanmu, don kundin digirina. Wannan littafin na aiki ne. Abin da na gani da abin da na ji kawai zan rubuta, babu zancen zuci a ciki.

Talata, 3 ga Satumba, da hantsi

Ya sa an fito masa da gyil ɗinsa. Katako goma sha huɗu a jere, kowane da dumansa a rataye a ƙasa, kowane duma da ƙananan huda da aka liƙe da farin gidan ƙwan gizo-gizo. Tun ina yarinya nake jin zizar nan a cikin kiɗan, ban taɓa tambayar daga ina take fitowa ba sai yau da zan rubuta. Abin kunya, mai bincike a gidan ubanta.

Ya buga na rawar 'yan mata guda huɗu. Matan maƙwabta suka bar turmi suka zo, Gwaggo Pogsaa ma ta taka kaɗan da muciya a hannu. Ita ce babbar 'yarsa, ita ke kula da shi tun da mijinta ya rasu.

Abin da ya tsaya min a rai: hannunsa na hagu kullum yana ɗan makara, kaɗan dai, yadda in ba ka sa kunne ba ba za ka kama ba. Na tambaye shi ko da gangan ne.

Ya ce, “Dama saurayi ne, hagu dattijo. Kin taɓa ganin dattijo na gudu don ya cim ma saurayi?”

Na rubuta amsar. Ban san a wane babi zan sa ta ba.

Alhamis, 5 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na lissafa kiɗa talatin da ɗaya da ya ce ya iya. Gwaggo tana tsince wake a gefe ta ce, “Talatin da biyu. Ya bar na gida.”

Na gida. Na san da shi, amma kamar yadda mutum ya san da rijiyar da aka rufe. Shi ne kiɗan da ake bugawa idan dattijon gidanmu ya mutu, wanda ya ga jika, ba kowa ba. Da ya tashi, duk mai kunne daga nan har bakin rafi ya san mutuwa ta shiga gidan Zunuo, ya yar da fartanya ya taho. Kashi uku ne: kira, kirari, sai rakiya. Rabon da a buga shi shekara goma sha tara, ranar da wan Kaka ya rasu, ina da shekara takwas. Babana bai samu ba, don ya tafi kafin ya ga jika.

Abin da ya fi ba ni mamaki a matsayina na ɗaliba shi ne ba a gwajinsa. Ba a koyar da shi a kan gyil, ba a tuna shi a kan gyil. To ta yaya kiɗa zai rayu a haka, ana jin sa sau ɗaya a shekara ashirin?

Bakina ya riga hankalina. Na ce, “To kai wa zai buga maka?”

Gwaggo ta ɗauki wakenta ta shiga ciki. Kaka ya ci gaba da kallon akuyar da ke cin igiyarta. Can ya ce, “Makaɗa ba su ƙare a ƙasar nan ba. Za su buga min na kowa da kowa, irin wanda ake yi wa baƙon da ya faɗi a kasuwa.”

Na ce, “Baffa Cletus fa?”

Ya ce, “Akuyar nan za ta tsinke.”

Baffa Cletus shi ne ɗansa namiji da ya rage. Katikis ne, wato mai koyar da addini, a coci da makarantar da ke mil ɗaya daga nan, kuma shekara goma sha ɗaya ƙafarsa ba ta taka gidan nan ba. Ba zan rubuta dalili ba. Kowa a gidan nan da nasa dalilin, kuma ba su yi kama da juna ba.

Asabar, 7 ga Satumba, da yamma

Mun je asibiti mun dawo. Likita ya ba ni takarda, na sa ta a ƙaramin aljihun jakar rikoda. Kaka ya ci tuwo loma bakwai.

Lahadi, 8 ga Satumba, ƙarfe ɗaya na rana

Na je coci don in ga hannun Baffa. Shi ke buga gyil a sujada. Na zauna a baya na rufe ido, sai ga hagun nan mai makara, sak na Kaka. Har yadda yake karkata kai. Jini ba ya ɓuya.

Bayan an tashi na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi karatu, ya tambayi Accra, ya tambayi ko gaskiya ne can ana sayar da ruwa a leda har ga baƙo. Bai tambayi abin da na zo ya tambaya ba. Sai na faɗa masa da kaina cewa mun je asibiti.

Ya ce, “Shi ya aiko ki?”

Na ce, “A'a, Baffa.”

Ya ce, “To. Ki gai da mutanen gida.”

Na tafi ina jin haushi har kunnena na zafi. Mutum mai furfura da jikoki biyu, yana jira a aiko masa kamar sabuwar amarya.

Talata, 10 ga Satumba, da hantsi

Na roƙi Kaka ya buga min na gida in ɗauka a rikoda. Na yi masa bayani kamar yadda nake yi a aji: za a adana, ba zai ɓace ba, jikokin jikoki za su ji.

Ya ce, “Su ji su yi me da shi?”

Na ce su san yadda yake.

Ya ce, “Amarya, kiɗan nan aike ne. In ya fita, ba ya dawowa hannu banza. Wa kike so ya ɗauko?”

Na rufe rikodar. Amma tambayar ta yi min daɗi, har na ja mata layi biyu.

Laraba, 11 ga Satumba

Na sake roƙo. Ya ƙi. Loma shida.

Juma'a, 13 ga Satumba, ƙarfe uku na yamma

Dabara ta zo min ina wanke kwanoni. Gyil ɗin rami, wanda yara ke koyo a kai: a haƙa ɗan rami, a jera tsofaffin katako a bakinsa, babu duma ko ɗaya. Ba ya ziza, ba ya tafiya nesa, ko bayan rumbu da ƙyar yake kaiwa.

Na ce masa, “Kai da bakinka ka ce muryar gyil a cikin duma take. In babu duma babu murya. In babu murya wa zai ji aiken?”

Ya kalle ni ta gefen ido. Ya ce, “Karatun kiɗa aka tura ki ko na lauya?”

Na ga yana tauna maganar. Ya daɗe. Sannan ya ce gobe kasuwa, kowa zai fita, in haƙa ramin a bayan rumbu. Ban san ko hujjata ce ta ci shi ba, ko kuwa wani abu ne da ya ji a jikinsa. Ban tambaya ba.

Asabar, 14 ga Satumba, da azahar

Ya buga.

Minti goma sha ɗaya da ɗan ɗori. Kira gajere ne, katako uku na ƙasa suna ta maimaita abu ɗaya kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Kirari ya fi tsawo, yana bin sunayen kakanninmu ɗaya bayan ɗaya, ya nuna min inda kowane suna yake farawa. Rakiya kuwa ban san yadda zan faɗe ta ba. Hannayen suna rabuwa, dama ya yi gaba, hagu ya tsaya a baya har ka ce sun ɓace wa juna, sai kuma su haɗu a wurin da ba ka zata ba. A kan busassun katako ne fa, ba duma, amma tsikar jikina ta tashi.

Da ya gama zufa ta jiƙa masa riga. Na ba shi ruwa na tambaye shi abin da ke cina tun ran Alhamis: in ba a gwaji, yaya aka yi ya iya?

Ya ce, “Ubana yakan zaunar da ni a gabansa in muna hutawa a gona, yana ɗan taɓa min baya da yatsu. Na ɗauka wasa yake min. Ranar da ya mutu aka zaunar da ni gaban gyil, kaina bai san komai ba, bayana ne ya tuna.”

Na ce, “Ka yi wa Baffa haka?”

Ya ce, “Na fara. Mun gama kira, mun gama kirari. Sai Fada, limamin coci, ya zo ya tafi da shi makarantar kwana.”

Ashe nan ne rumbun ajiyar. Duk littattafan da na karanta babu wanda ya ce a duba baya.

Talata, 17 ga Satumba, da safe

Kwana uku ina saurare da wayar kunne. Na ba kowane katako lamba, na rubuta kira da kirari tsaf. Rakiya ta ƙi shiga takarda. Duk inda na sa hagu, in na sake ji sai in tarar ba nan yake ba. Na ji ta sau arba'in da uku. Yatsuna sun fara yin ta a kan cinyata ba da izinina ba.

Wayar kunnen ta mutu a gefe ɗaya. Loma biyar.

Laraba, 18 ga Satumba

Na yi ɓarna.

Alhamis, 19 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta yadda aka yi, tunda dai duk garin ya sani.

Jiya da la'asar na hau saman soro don in sami shiru. Wayar kunnen ba ta kawo hagu, ni kuma hagun nake nema. Sai na jona 'yar lasifikar da na zo da ita. Na ce a hankali zan sa. Katakon ƙasa ba su fito ba, na ƙara. Ba su fito ba, na sake ƙarawa. Wallahi a lokacin ba kiran mutuwa nake ji ba, lamba uku da lamba biyar nake ji. Shekara tara a Accra sun mayar min da kunne na baƙuwa. Kuma daga farko na kunna shi, daga kira.

Kukan farko daga gonar gyaɗar maƙwabta ya taso. Kafin in lalubo maɓallin kashewa, wani ya amsa daga bakin rafi. Na leƙa na ga dawa tana motsi ta ko'ina, mata da hannu a ka, maza suna “wayyo ubana, wayyo ubana”. Gwaggo tana dawowa daga famfo ta saki tulun ya fashe.

Suka cika ƙofar gida, suka tarar da mamacin a gindin ɗorawa yana ɓare gyaɗa.

Kuka ya tsaya cak. Wata tsohuwa ta kasa tsayar da kukanta, ta ci gaba da shi a hankali tana kallonsa. Shi kuwa ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya ya ce, “Sannunku da zuwa. Gidan Dabuo ban ga kowa ba, na riƙe wannan.”

Sai ga Baffa Cletus. A guje, ba takalmi, alli a hannunsa bai ma san yana riƙe da shi ba. Ya ratsa mutane ya tsallake dokin ƙofar da ya yi shekara goma sha ɗaya bai tsallake ba, sannan ya ga ubansa. Ya tsaya yana haki.

Kaka ya ce, “Kai da ka san hannuna, ka taɓa jin gawa ta buga wa kanta?”

Baffa ya ce, “Na san hannunka ne.”

“To me ka zo yi?”

Kaka ya juya ga mutane ya ce, “Ku gane masa. Dattawan gidan nan biyu ne suka rage, ni da shi. Ya ji ni ina bugawa, ya zo ya duba ko shi ne ya mutu.”

Aka fashe da dariya, masu hawaye a fuska har da su. Baffa bai yi dariya ba. Ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, ya sunkuyar da kai. Ni ina saman soro ina fatan tsanin ya karye kada in sauko.

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Kuma, Allah ya yafe min, wani ɓangare na zuciyata yana ta lura: cikin minti nawa suka iso, daga wane nisa, da cewa ko babu duma sun gane shi. Gwaggo ta ce ta ji muryar kamar mai mura, ta ɗauka baƙon hannu ne.

Juma'a, 20 ga Satumba, da yamma

Dattawa sun zauna a kaina. Mai ƙasa, tsoho Beyuo, shi ya yanke magana: kaza ɗaya ga kakanni, tukunyar fito, giyar dawa, ga waɗanda aka sa kuka a banza, kuma kiɗan ya fita daga cikin na'ura a gabansu.

Na yi ƙoƙari. Na ce zan kulle shi, ba mai sake ji. Tsoho Beyuo ya ce, “'Yata, ke ma da kika san shi kin sake shi. Wanda bai san shi ba fa? Ran da wani a Accra zai kunna shi yana cin shinkafa, wa zai mutu a nan?”

Na kalli Kaka ko zai sa baki. Yana kallon akuyarsa.

Ban tura shi ko'ina ba, don waya ba ta kamawa sosai a nan. Kwafi ɗaya ne a duniya. Na danna, na'urar ta tambaye ni ko na tabbata, na sake dannawa. Takardun lambobina suka ce in riƙe, takarda ba ta kuka. Amma rakiya ba ta cikin takarda.

Na yi kuka a bayan rumbu, kusa da ramin. Na ce ba zan rubuta irin wannan a nan ba.

Asabar, 21 ga Satumba

Malamata ta kira. Na faɗa mata. Ta ce in rubuta komai, abin da ya faru shi ma bincike ne. Ta tambayi jikin tsohon, na ce da sauƙi. Loma huɗu.

Talata, 24 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Baffa yana zuwa kullum yanzu bayan an tashi daga makaranta. Ran farko ya ce katangar garken awaki ya zo gyarawa. Ya gama ta, ya koma kan rufin rumbu. Suna zama su biyu a gindin ɗorawa suna zancen awaki, da farashin taki, da ko ruwan bana zai kai ƙarshen wata. Kalmar gyil ba ta fito daga bakin kowa ba.

Na tare shi a hanya na ce, “Baffa, ba a fafe gora ranar tafiya.”

Ya ce, “Ke da kika tara gari a kan gawar da ke cin gyaɗa, ke ce za ki koya min lokaci?”

Gaskiyarsa. Amma ni na ga takardar, shi bai gani ba.

Alhamis, 26 ga Satumba, da safe

Hannunsa na dama bai tashi ba yau. Ya ɗaga shi da na hagu ya ajiye a cinya, ya ce saurayi ya riga dattijo gajiya.

Asabar, 28 ga Satumba, da azahar

Ina ba shi kunu, na jingina shi a kafaɗata, hannuna ɗaya yana kan cinyata yana abin da ya saba. Ban ma sani ba sai da Gwaggo ta make min shi.

Ta ce, “Mace ba ta buga gyil. So kike ki rasa haihuwa? Bai ishe ki ba abin da kika jawo?”

Na ce, “Gwaggo, cinyata ce.”

Kaka ya buɗe ido ya ce, “Ƙyale ta, Pogsaa. Doka a kan katako take, ba a kan fata ba.” Sai ya ce da ni, “Sake.”

Na sake. Ya sa yatsunsa na hagu a damtsena yana bi na. Wuri biyu ya matse ni, inda nake sauri. Na ja baya kaɗan, sai ga shi sun haɗu inda ya kamata. Abin da ya gagare ni sau arba'in da uku da kunne, fata ta kama shi a karo na uku. Wannan ya cancanci babi guda, in na sami hankalin rubuta shi.

Loma biyu, na kunu.

Talata, 1 ga Oktoba, ƙarfe huɗu da rabi

Yau Baffa ya shigo har ɗaki. Ya cire rigarsa ya ninke, ya zauna a ƙasa ya ba ubansa baya. Mutum mai shekara hamsin da shida. Gwaggo ta toshe baki da gefen zane ta fita.

Kaka ya ɗora hannun hagu. Kira da kirari suna nan a bayan Baffa tun yana yaro, na ga kansa yana karkata tun kafin yatsun su sauka. Da aka zo rakiya hannu ɗaya ne kawai. Sau biyu suka bi ta, ƙarfin Kaka ya ƙare.

Baffa ya ce, “Baba, rabi ne wannan. Ban san inda dama ke bi ba.”

Kaka ya ce, “Da ka zo bara da ka samu duka.”

“Da ka aiko bara da na zo.”

“Na aika,” in ji Kaka. “Da lasifika ma.”

Wannan karon Baffa ya yi dariya, bayansa na girgiza a ƙarƙashin hannun ubansa. Kaka ya bar hannun a wurin har barci ya ɗauke shi.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Loma ɗaya.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Ya ce in share gyil ɗin, in duba duma na shida, gizo-gizonsa ya yage. Na liƙe.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ƙarfe goma da kwata na safe.

Laraba, 9 ga Oktoba, da hantsi

An gama. Baƙi sun watse, sai tukwane da ba a san masu su ba.

Ran Asabar, bayan an yi wa gawar Kaka wanka an sa masa babbar rigarsa, aka fito da gyil gindin ɗorawa. Makaɗa biyu daga wasu gidaje suna tsaye da sandunansu, suna jiran a ce su buga na kowa da kowa. Baffa ya wuce su ya zauna.

Ya buga kira. Da duma, da ziza, har cikin haƙarƙarina nake jin sa. Babu wanda ya taho da farko. An faɗa min daga baya cewa mutane sun tsaya a gonakinsu suna cewa 'yar Accra ce ta sake. Sai da ya maimaita sau uku kafin kukan ya taso daga bakin rafi. Wannan laifina ne, kuma zan riƙe shi.

Ya buga kirari, sunan kowa a wurinsa, ya ƙara na Kaka a ƙarshe. Fili ya cika, kuɗin wuri yana ta zuba a gabansa. Daga nan ya shiga rakiya da hagu kaɗai. Sandar dama tana sama, ba ta san inda za ta sauka ba. Ya zaga ya dawo, ya sake zagawa. Na ga makaɗan nan biyu sun kalli juna, ɗaya ya fara matsowa.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauki ƙwaryar ruwa kamar mai kai wa makaɗi, na durƙusa a bayansa, na ajiye ta. Na ɗora hannuwana biyu a bayansa. Rigar ta jiƙe sharkaf. Ya ɗan zabura, sannan ya saki kafaɗunsa.

Na fara. Yatsana ya sauka, sandarsa ta sauka. Ban san wane katako ne ba, ban tuna lamba ko ɗaya ba, sama da ƙasan bayansa kawai nake bi, shi kuma yana juya su zuwa murya. A wurare biyun nan da Kaka ya matse ni na ja baya, hannayen suka rabu, suka haɗu.

Inuwa ta faɗo a kaina. Na ɗaga ido, Gwaggo ce, ta buɗe mayafinta da hannu biyu tana kuka, ta tsaya tsakanina da jama'a. Tsoho Beyuo yana gefen da mayafin bai rufe ba. Ya kalle ni, ya kalli hannuna, ya mayar da kansa wajen gawar.

Minti nawa aka yi, ban sani ba. Rikoda tana ɗaki a cikin jaka.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na fitar da takardar likita na sa a murhu. Mako shidana sun kusa cika, kuma cikin talatin da biyu, talatin da ɗaya nake da su.

Ina zaune ina neman yadda zan fara babin farko sai ga Baffa. Ya tsaya a kaina yana juya hularsa.

Ya ce, “Yaushe za ki koma?”

Na ce Litinin.

Ya ce, “Ki ƙara mako. Ran Asabar hannunki na bi, ban riƙe komai ba. Kuma na hana Fidelis komawa Kumasi.” Fidelis babban ɗansa ne, direban babbar mota, ko sandar gyil bai taɓa riƙewa ba. “Ki sa min a baya, ni in sa masa. Dattijon gidan nan yanzu ni ne, kuma kin ji abin da ya ce, gawa ba ta buga wa kanta.”

Ya cire rigarsa ya zauna a ƙasa. Bari in ajiye biron, hannu biyu ake bukata.